Shekarar da Majalisa Ta Bar Ƙofata

Ku 'ya'yana, na san abin da ake gaya muku game da dawowata daga Dubai. Wasu sun ce korona ce ta karya ni, wasu sun ce biza ce ta gagara, gwaggonku Asabe kuwa har rantsuwa take yi wai ciwon gwiwa ne. Kowannensu ya shafi gefen gaskiya, amma babu wanda ya taɓa wurin da ke ciwo. Tun da Allah ya ara mini kwana har na zauna rubuta wannan, gara ku ji daga bakina, kada wata rana ku ji daga wanda zai ƙara gishiri. Rumfa ce ta dawo da ni gida. Rumfar katako mai benci da inuwa, wadda gwamnatin can ta biya 'yan jami'a suka zana, aka kafa ta a ƙofar da ba tawa ba.

Shagona yana cikin wani ɗan siririn layi a Murshid Bazaar, a tsohon gari, inda mota ba ta shiga sai amalanke da 'yan dako. Aikina kago ne. Ɗan kasuwa ya zo daga Kano ko Katsina ko Maraɗi, ya sayi shaddarsa da turarensa da takalmansa, ni in ɗaure, in kai sito a Al Quoz, in sa a kwantena, shi ya koma gida ya jira. Masu irin wannan aiki a Deira, unguwar da kasuwar take, ba sa ƙirguwa, kuma ban fi kowa araha ba. Abin da nake da shi da su ba su da shi, shi ne majalisa. Da an yi la'asar rana takan faɗa bayan benen da ke kallonmu, sai wata 'yar inuwa ta kwanto a ƙofata, ba ta fi faɗin tabarma ba. A nan Hausawan layin suke zama, kan kujerun roba da rabinsu sun karye an ɗaure da waya, wanda bai samu kujera ba ya jawo kwali. Babu wanda ya kafa ta. Baƙona na farko ne ya zauna yana jiran a gama ɗaure masa kaya, wani ya gan shi ya tsaya gaisuwa, shi ke nan abin ya zama al'ada har ta haura shekara ashirin. A wurin ake sasanta wanda aka cuta da wanda ya yi cutar, a wurin ake jin wanda ya rasu a gida, a wurin ake haɗa hannu idan wani ya kwanta asibiti. Baƙon da ya sauka yau, kafin ya nemi masauki sai ya nemi majalisa, kuma duk wanda majalisa ke ƙofarsa shi ne maigidan baƙi. Ba zan ɓoye muku ba, kaya ma ta nan suke biyowa, kuma da su na yi muku makaranta. Amma abin da ya fi kayan daɗi shi ne in fito in tarar mutane suna jirana a fara magana.

Sabo ma ta ƙofar nan ya shigo Dubai. Ya zo saro agoguna, ya ga garin ya yi masa, ya ƙi komawa. A sitona ya yi kwanakinsa na farko, ni na tsaya masa har ya samu takardu, ni na nemo masa shago a bakin layi, daidai kwanar da ake bi a tafi masallaci. Yaya yake ce mini, har yau kuwa. Mutum ne mai fara'a, mai saurin shiga rai, kuma Allah ya ba shi kunne: cikin 'yan shekaru ya iya Larabcin mutanen garin har suna tsayawa su yi dariya da shi, ni kuwa da na riga shi zuwa ban wuce yalla da khalas da shwaiya-shwaiya ba. Ina son sa, wannan kada ku yi shakka. Amma ko a lokacin, idan na ga Balarabe ya dafa kafaɗarsa yana ce masa habibi, nakan kawar da kai kamar ban gani ba.

Shekarar da ta gabaci korona aka fara ganin wasu samari da 'yan mata a layinmu, da igiyar awo da takardun zane da wata 'yar na'ura mai farfela da suke ɗagawa sama wai suna auna iska. Da farko mun ɗauka masu rusau ne, har wasu suka fara shigar da kwalayensu ciki. Sai wata daga cikinsu ta matso, ta rusuna ta gaishe ni da Hausa tsantsa. Nafisa sunanta, 'yar Zariya, tana karatun zanen gine-gine da tsara gari a wata jami'a a Dubai. Ita ta yi mana bayani. Gwamnati ta ware kuɗi don a farfaɗo da lungunan tsohon gari, amma maimakon ta ba wani kamfani ya zo ya yi yadda ya ga dama, sai ta ba jami'a, malamai da ɗalibai su zauna da mutanen kowane layi, su ji me ke damunsu, su zana musu, sannan a gina. Layinmu ya samu gyaran daɓe, da fitilu, da wurin ajiye amalanke, da rumfar zama guda ɗaya.

Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Maraɗi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya dube ta ya ce:

"Yarinya, wato gwamnati ce ta biya ku ku zo ku tambaye ni inda nake so in zauna? To wallahi ko 'ya'yana ba su taɓa tambayata ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma tun a ranar na fara jin ƙyashi, na ƙasar tukuna kafin na mutum. Na tuna lungunan da na tashi a cikinsu a birnin Kano, da yaranmu masu irin wannan karatu da suke gamawa su zauna a gida, ga shi 'yarmu ta Zariya tana auna wa wasu iska. Na ji haushin abin, na kuma ji daɗinsa, domin a raina babu ko tantama inda rumfar nan za ta sauka. Ina majalisa take? Har na fara tunanin irin tabarmar da zan saya.

Sun yi watanni suna zuwa. Sukan zauna da mu, su sha shayi, su kalli inda 'yan dako ke cin karo da juna, su rubuta. Shugabarsu wata Balarabiya ce mai yawan murmushi, Dakta muke ce mata. Ranar yanke shawara suka zo bayan la'asar da wani abu a kan faifan katako, suka ajiye a kan tebur a ƙofata. Layinmu ne gaba ɗaya suka ƙera da kwali, ƙanƙane kamar kayan wasan yara, kowane shago da ƙofarsa, har da allon sunana. Manyan mutane masu furfura suka taru suna leƙe, kowa na neman nasa. Dakta ta fito da 'yar rumfa daga aljihun jakarta, wadda ba ta fi akwatin ashana ba, ta ce ta bakin Nafisa wuri biyu ne kawai a layin suke da faɗin da za su ɗauke ta: ƙofata, ko kwanar Sabo. Kuɗin na guda ɗaya ne. Ta ce su ba za su zaɓa ba, zaɓi na mutanen layi ne, kuma tun da ni ne babba, ni zan fara. Ta miƙo mini rumfar a tafin hannuna.

A nan nake so ku tsaya ku fahimce ni, domin ku kun tashi a zamanin da mutum ke buɗe baki ya ce ni nake so. Mu ba haka aka rene mu ba. Babba ba ya jawo abu gabansa a gaban jama'a. Turawa yake yi gaban ƙaninsa, ƙanin ya turo masa, ya sake turawa, ƙanin ya rantse ba zai karɓa ba, sannan jama'a su sa baki su ce Alhaji ka yi haƙuri a bar shi inda aka saba. Daga nan babba ya karɓa kamar an tilasta masa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Kara ke nan, kuma kowa a majalisar nan ya san ta kamar yadda ya san sunansa. Haka muke yi a kan limancin sallah idan mun yi tafiya, haka muke yi a kan ƙashin da ya rage a tire. Don haka na ɗauki 'yar rumfar nan da hannuna, na ɗora ta a kwanar Sabo, na ce:

"Ai nan ya fi dacewa. Ga iska, ga hanyar masallaci. Mu mun tsufa, su ne masu gobe."

Sabo ya yi sauri ya sa hannu ya turo ta ƙofata.

"Haba Yaya. Majalisa ai a ƙofarka take. Wa ya isa?"

Raina ya yi fari. Na ce yaron nan ya san abin da yake yi. Na sake ɗaukar ta na mayar kwanarsa, har da ɗan ɗaure fuska yadda ake yi.

"Sabo, ina magana kana magana? Na ce nan."

Ya ɗora yatsunsa a kanta. Ina kallon yatsun nan, ina jiran su turo. Ya dubi kwanar tasa ta kwali, ya dube ni, sai ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

"To Yaya, tun da ka ce. Allah ya ƙara girma."

Na waiwaya ga jama'a. Yanzu ne ya kamata wani ya yi gyaran murya. Alhaji Mamman, mai maganar da ba ta ƙarewa, ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa. Wani ya ce, "Gaskiya kwanar akwai iska." Wani ya ce, "Alhaji ya yi dattako." Dakta ta tafa hannu, ta ce mashallah, ta ce ta yi aiki a unguwanni da dama ba ta taɓa ganin shugaba mai sadaukarwa irina ba. Aka ɗauki hoto, ni a tsakiya ina murmushin dole har kunne. Nafisa kaɗai ce ba ta tafa ba, ta tsaya tana dubana.

Da na koma gida na kasa cin abinci. Mahaifiyarku, kun san ta, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Alhaji, ƙwace ta ya yi, ko ba shi ka yi?"

"Ba shi na yi. Amma ai ya san ba bayarwa ba ce."

"Ita Balarabiyar ta sani? Ka je ka yi kara a gaban mace mai riƙe da biro. Ita abin da ka faɗa za ta rubuta, ba abin da ke cikinka ba. Gobe ka kira yarinyar nan ka ce ka sake tunani."

"In ce me? In ce ni Alhaji Isyaku ina roƙon benci?"

"To ka ci tuwonka. Girman da ka saya ke nan, sai ka ci da shi."

Ban kira Nafisa ba. Ita ta zo da kanta bayan 'yan kwanaki, da hantsi, lokacin da layin ba kowa sai 'yan dako. Ta zauna a bakin kujera, ta daɗe tana gaisuwa, na gane akwai magana.

"Baba, ni 'yar Hausawa ce, na ga abin da ya faru ranar nan. Ba a miƙa zanen ba tukuna. In ka ce a sake zama, zan gaya wa Dakta, za a sake."

"Awonku me ya ce?"

"Awo ya ce kwanar ta fi sanyi. Amma Dakta kullum tana gaya mana inda mutane suka riga suka saba zama ya fi ƙarfin awo. Da ka ajiye ta a ƙofarka, babu wanda zai ce uffan. Mu ma can muka zata."

Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, domin ta nuna mini abin yana hannuna na sake shi. Amma tambaya ɗaya ce a bakina, ita na yi.

"Sabo ne ya aiko ki?"

Ta sunkuyar da kai.

"A'a, Baba. Ni na zo."

Da ta ce e, ko da ƙarya ce, da na karɓa a take. Abin da nake nema ke nan, a ce ƙanina ya kwana ya tuna, ya ji kunya, ya aiko a gyara. Amma in bi ta bayan fage, in sa yarinya ta warware abin da na ƙulla a gaban dattawa, gobe a ce Alhaji ya ba da kyauta da rana ya aika a karɓo da dare, wannan ba zan iya ba. Na ce mata maganar da na yi a gaban mutane ba na canza ta a bayan idonsu. Na yi mata godiya, na sa mata albarka. Har yau ina ganin daidai na yi, kuma har yau abin yana cina.

Daga nan sai na zauna jiran Sabo. Kullum yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, wata rana da dabino, wata rana da turare, mu yi hirar farashin kwantena da labarin gida. Maganar rumfa kuwa ko da wasa. 'Yan jami'a suka koma wajensa, tun da a ƙofarsa za a yi aikin. Shi ake tambaya tsayin benci, shi ake nuna wa kalar katako, shi aka ɗauka a mota zuwa wurin kafintoci a Al Quoz ya ga yadda ake fere ginshiƙan. Har jami'ar aka gayyace shi ranar da ɗaliban suka nuna aikinsu ga jami'an gwamnati, ya sa farar riga irin ta Larabawa, ya yi jawabi da Larabci, aka tafa masa. Ni ma an gayyace ni, na ce ina da kaya a bakin ruwa, a Port Saeed. Ba ni da ko ƙulli ɗaya. Ya dawo yana ba da labari a majalisata, a kan kujerata, mutane na ta "Kai, Sabo!", ni ma ina cewa madalla, madalla, ina ji kamar in tashi in kwashe kujerun. Kishi ne, 'ya'yana, ba wani suna gare shi ba. Na yi kishin rigarsa, na yi kishin Larabcinsa, na yi kishin yadda Dakta ke kiran sunansa daidai alhali ni kullum sai ta ce Ishak. Na kai har idan zan tafi masallaci sai in zagaya ta bayan layi don kada in ga alamar jan fenti da suka yi a ƙasa inda za a kafa ginshiƙai. Ban taɓa yi masa addu'ar sharri ba. Amma da korona ta zo aka rufe kasuwa, aka ce aikin ya tsaya, ina cikin masu jimami a baki, a ciki kuwa wani ɓangare nawa ya miƙe ƙafa ya huta. Na ce wataƙila kuɗin ya tafi wani wajen.

Bai tafi ba. Mutanen nan idan sun ware abu sun ware. Da gari ya fara buɗewa ma'aikata suka dawo, aka yi daɓe, aka sa fitilu, rumfa ta tashi. Na so a ce ta yi muni. Na je da niyyar in samo mata aibi, na zagaya ta kamar mai sayen rago, ban samu ba. Yaran nan sun yi aiki. Rufin suka karkata yadda yake kamo iskar da ke fitowa daga bakin ruwa ya sauko da ita kan mutane. Bangon katako ne mai huda-huda, kana ganin waje, rana ba ta ganinka. Bencin daidai gwiwar tsoho, ba sai ka dafa wani ba in za ka tashi, a ƙarƙashinsa kuma an bar wurin tura kwali. Har wurin ajiye takalmi suka yi, da famfon alwala a gefe. Duk abin da muka yi shekaru muna ƙorafi a kansa a ƙofata, sun ji, sun gyara, sun kai ƙofar Sabo.

Majalisa ba ta tashi rana ɗaya ba, da hakan ya fi sauƙi. Zarewa ta riƙa yi. Wannan ya ce bari ya je ya ga wani a kwana ya dawo, bai dawo ba. Wancan ya ce daga masallaci ya tsaya ya ɗan sha iska. Suka koma sai su fara biyowa ta wajena su gaishe ni a tsaye, hannu a ƙirji, ƙafa ɗaya ta riga ta fuskanci kwana. Alhaji Mamman ne ya fi daɗewa, muna zaune mu biyu cikin kujeru fiye da goma, muna jiyo dariya daga can. Wata rana da zafi ya kai zafi, ya share gumi da hularsa, ya ce:

"Alhaji, pardon, ni dai jikina ba na ƙarfe ba ne. Taso mu je. An bar maka wuri a tsakiya, ba mai zama a kai."

Na ce ya yi gaba ina zuwa. Ya tafi yana waiwaye. Da gaske ne an bar mini wurin, ina hango shi daga ƙofata, fili a tsakiyar benci, mutane sun matsu a gefe da gefe. Ban je ba. A ƙofata ni ne mai wuri, a can kuwa wanda aka bar wa wuri ne, kuma ni na san bambancin ko da su sun yi kamar ba su sani ba.

Sau ɗaya muka yi maganar da Sabo. Ya zo da kansa bayan azahar, ya tarar ina tattara kujerun da ba a zama ina ɗora wata kan wata. Ya karɓa yana taya ni. Ya ce mutane na tambaya ko ya yi mini laifi ne. Sai na ce:

"Sabo, ranar nan, me ya sa ka janye hannunka?"

Na zata zai ce bai gane ba, ko ya ce ya ɗauka da gaske nake. Da ya faɗi haka da na samu abin riƙewa. Sai ya ajiye kujerar, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, wallahi na san ya kamata in sake turowa. Hannuna ya so, zuciyata ta ƙi. Ina so ne, Yaya. Na yi shekaru ina zama a ƙofar wani, ko da kuwa ƙofarka ce. Na ga abu ya zo har gabana, na kasa. Ka yafe mini, amma in na ce maka ban sani ba na yi ƙarya."

Na ce na yafe, kuma na yafe ɗin. Sai dai na ƙara jin wani sabon kishin a kan na da, domin shi ya iya buɗe baki ya ce ina so, ni kuwa da furfurata ban taɓa iyawa ba. Ya roƙe ni in zo ko sau ɗaya in zauna, na ce inshallah. Ya san irin inshallah ɗin, ya tafi.

Ciniki bai mutu ba, kada ku ɗauka yunwa ce ta koro ni. Tsofaffin abokan hulɗa sun ci gaba da kawo kayansu, Sabo ma yakan turo mini wasu, abin da ya fi zagi ciwo. Haka na yi ta zama ni kaɗai har jirage suka dawo sosai, baƙi suka fara sauka kamar da. Wata la'asar ina ƙofar shago, sai ga wani magidanci ya shigo layin yana jan akwati, da ganin yadda yake ɗaga kai yana karanta alluna ka san yau ya fara taka garin. Ya hango hulata, fuskarsa ta washe, ya nufo ni. Na miƙe, na gyara riga, har na jawo masa kujera. Muka gaisa, ya ce daga Kano yake, atamfa ya zo saye, bai san kowa ba. Sannan ya ce:

"Baba, don Allah taimaka mini. An ce in na shigo Murshid in tambayi rumfar Alhaji Sabo, wai nan Hausawa suke zama, shi ne maigidan baƙi. Ko ka san wurin?"

Na ce na sani. Zan iya nuna masa da hannu, ga ta can ana hangowa. Amma baƙo ba a nuna masa hanya da yatsa, kai shi ake yi. Na mayar da kujerar, na karɓi akwatin duk da yana ta a'a Baba, na ja muka tafi. Tun daga nesa suka gan ni, majalisa gaba ɗaya ta miƙe tsaye, Alhaji Mamman yana faɗin yau ga babban baƙo. Sabo ya fito da sauri, yana kakkaɓe mini wurin nan na tsakiya da hannun rigarsa. Na kama hannun mutumin na sa a nasa, na ce:

"Sabo, ga baƙonka."

Iskar rumfar tana kaɗa mini riga, mai sanyi, irin wadda ban taɓa samu a ƙofata ba. Mutumin ya zauna, ya yi ajiyar zuciya, ya ga na juya zan tafi.

"Baba, kai ba a nan kake zama ba?"

Na ce masa, "A'a, ɗana. Ni rakiya na yi."